Eagles a Kakar 2017: Kofin da Aka Shirya Tun Kafin Nick Foles Ya Tashi Daga Benci

Ranar Lahadi 10 ga Disamba, 2017, ƙungiyar Philadelphia Eagles ta doke Los Angeles Rams da maki 43 da 35, amma magoya bayanta ba su kwana da farin ciki ba. A wannan wasan ne jijiyar gwiwar hagu ta Carson Wentz ta tsinke, alhali shi ake ganin zai zama gwarzon shekara a NFL, babbar gasar zari-ruga ta Amurka. Ya jefa ƙwallayen ci 33 cikin wasa 13, adadin da babu ɗan ƙungiyar da ya taɓa kaiwa a kaka guda. Mako takwas bayan haka, ranar 4 ga Fabrairu, 2018, a birnin Minneapolis, Eagles ta lallasa New England Patriots da maki 41 da 33 ta ɗaga kofin Super Bowl na farko a tarihinta, kuma wanda ya ja ragamar 'yan wasan shi ne Nick Foles, ɗan bencin da ya kusa jingine wasa gaba ɗaya a 2016. Tun daga ranar ake ba da labarin a matsayin abin al'ajabin da ya faɗo wa mutum ɗaya. Labari ne mai daɗi, har an kafa gunkin Foles da kocinsa a ƙofar filin ƙungiyar. Sai dai ina ganin wannan hanyar ba da labarin tana danne haƙƙin waɗanda suka yi aikin. Shugabannin ƙungiyar sun shafe shekara biyu suna gina tawagar da za ta iya rasa manyanta ba tare da ta durƙushe ba, kuma wannan ginin ne ya ci kofin.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Firimiya, akwai buƙatar ɗan bayani. A wannan wasa kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaron gida daban. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi goma; in ya yi, a sake ba shi wasu huɗun, in ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a inda ta tsaya. Shiga da ƙwallo ƙarshen filin abokin hamayya, wato tacdawun, maki shida ne, buga ta tsakanin sanduna kuma maki uku. Kowane hari yana farawa ne daga hannun mutum ɗaya, kwatabak, wanda ke karanta tsarin masu tsaro ya zaɓi wanda zai jefa wa ko ya miƙa wa ƙwallo. Babu wani ɗan wasa a ƙwallon ƙafa da nauyin ƙungiya ya rataya a wuyansa kamar haka. Shi ya sa rashin kwatabak na farko kan zama mutuwar kaka. A wannan shekarar ma an gani: Aaron Rodgers ya karye a ƙashin wuya, Green Bay Packers ta kasa kaiwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, Deshaun Watson ya ji rauni a gwiwa, Houston Texans ta ƙare da nasara huɗu kacal cikin wasa 16. Don haka tambayar da ta dace ita ce me ya bambanta Eagles da waɗannan.

Amsar tana farawa da abin da aka fi mantawa: Wentz shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda suka faɗi. A wasan farko na kakar mai bugun sanduna Caleb Sturgis ya ji rauni, aka ɗauko wani sabon shiga, Jake Elliott, daga cikin 'yan atisayen Cincinnati Bengals, kuma ranar 24 ga Satumba ya buga ƙwallo daga yadi 61 a daƙiƙar ƙarshe aka doke New York Giants 27 da 24. A wannan wasan dai mai gudu da ƙwallo Darren Sproles ya karye a hannu, jijiyar gwiwarsa kuma ta tsinke, duka a faɗuwa ɗaya. A watan Oktoba, a karawa da Washington, aka rasa Jason Peters, dattijon da ke kare bayan kwatabak ta hagu, da Jordan Hicks, wanda ke tsara masu tsaron gida a fili, dukansu har ƙarshen kaka. Ƙungiyar da ta rasa irin waɗannan mutane ta ci wasa tara a jere, ta kammala da nasara 13 da rashin nasara 3, ta zo ta ɗaya a rukunin NFC. Kafin kowa ya ambaci sunan Foles, an riga an gwada zurfin tawagar sau huɗu ko biyar, kuma kowane lokaci akwai wanda ya shiga gurbi ya riƙe. (Jerin kuma yana tuna mana irin cin jikin da wannan wasa ke yi wa masu buga shi. Alshon Jeffery ya buga kakar gaba ɗaya da yagaggiyar jijiya a kafaɗa, sai bayan an ɗaga kofi aka yi masa tiyata. Bai kamata murnar nasara ta rufe mana ido daga wannan ba.)

Wanda ya tara waɗannan mutane shi ne Howie Roseman, babban jami'in da ke kula da saye da sayar da 'yan wasa. A 2015 an ƙwace masa wannan iko an ba koci Chip Kelly, wanda ya watsar da taurarin ƙungiyar ya kawo nasa, abin bai yi kyau ba, mai ƙungiyar Jeffrey Lurie ya sallame shi kafin kakar ta ƙare, Roseman ya dawo kan kujerarsa. A NFL ba a sayen kofi da kuɗi yadda ake yi a Turai, domin akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya daga cikin 32 za ta iya biya, kuma a 2017 iyakar dala miliyan 167 ce ga kowa. Gwanintar shugaba ita ce sanin inda zai zuba kuɗin. Roseman ya yi musaya har sau biyu ya hau mataki na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 ya ɗauki Wentz daga jami'ar North Dakota State. Saboda dokar gasar ta ƙayyade albashin sabon shiga, ƙungiyar ta sami kwatabak mai daraja a farashi mai rahusa, rarar kuɗin kuma ta tafi sauran gurabe. Sannan ya sayar da tsohon kwatabak Sam Bradford ga Minnesota Vikings ya karɓi gurbin zagaye na farko, wanda da shi aka zaɓi Derek Barnett a 2017. A riƙe wannan sunan, zai dawo. A bazarar 2017 ya kawo Jeffery da Torrey Smith masu cafke ƙwallo, ya ɗauko LeGarrette Blount da Chris Long waɗanda suka ci kofi da Patriots watanni kaɗan kafin nan, ya ƙara Patrick Robinson da Timmy Jernigan da Ronald Darby a tsaro. Yawancinsu a kan gajeruwar yarjejeniya suka zo, ba masu cin albashin taurari ba. A cikin wannan cefanen ne ya ba Foles yarjejeniyar shekara biyu kan dala miliyan 11, kuɗin da a lokacin wasu suka ga ya yi yawa ga wanda zai zauna a benci.

Akwai 'yan asalin Najeriya biyu a tsakiyar wannan labari, kuma kowannensu shaida ne kan batun da nake yi. Nelson Agholor, haifaffen Legas da iyayensa suka tafi da shi Amurka yana yaro, an zaɓe shi a zagaye na farko a 2015, ya yi shekara biyu ƙwallo na suɓuce masa, magoya baya suna ihu a kansa, har aka ajiye shi a benci a wani wasa a 2016. Maimakon a kore shi, sai aka sauya masa gurbi daga gefen fili zuwa ciki, inda saurin juyawarsa ya fi amfani. A 2017 ya cafke ƙwallo 62 da tacdawun 8, a wasan ƙarshe kuma ya cafke 9. Jay Ajayi kuwa, wanda aka haifa a Landan ga iyaye 'yan Najeriya, Roseman ya karɓo shi daga Miami Dolphins ranar 31 ga Oktoba a madadin gurbin zagaye na huɗu, a lokacin da ƙungiyar ke da nasara bakwai cikin wasa takwas, kuma ba ta da ƙarancin masu gudu da ƙwallo. Shugaban da ya ƙara ƙarfi a inda babu giɓi, a lokacin da komai ke tafiya daidai, mutum ne da ke lissafin ranar da abubuwa za su lalace.

Inda ginin ya fi kauri shi ne inda mai kallo bai cika duba ba, wato layukan ƙattin da ke gwabzawa a gaba. A ɓangaren hari, Jason Kelce da Lane Johnson sun shiga jerin mafiya ƙwarewa a gurabensu a duk gasar a wannan shekarar, Brandon Brooks yana gefensu, koci Jeff Stoutland kuma ya shirya matashi Halapoulivaati Vaitai ya maye gurbin Peters. A ɓangaren tsaro, koci Jim Schwartz yana da mutum bakwai ko takwas da yake juyawa a layin gaba, Fletcher Cox da Brandon Graham da Vinny Curry da Jernigan da Long da Barnett, ta yadda a ƙarshen wasa, lokacin da abokan hamayya suka galabaita, nasa mutanen da sauran numfashinsu. Babu ƙungiyar da ta fi su hana gudu da ƙwallo a wannan kaka. Kwatabak, komai gwanintarsa, kamar mai sayar da kaya ne a rumfar kasuwa: in rufin yana yoyo, iya cinikinsa ba zai hana kayan jiƙewa ba. A wasan ƙarshe Foles ya jefa ƙwallo sau 43, kuma ko sau ɗaya 'yan Patriots ba su kayar da shi da ƙwallo a hannu ba. Masu gudu sun ci yadi 164, Blount 90, Ajayi 57.

Sai batun masu horarwa. Foles bai shiga fili yana haskakawa ba. Ya yi kyau a wasansa na farko da Giants, amma ranar Kirsimeti da Oakland Raiders ya yi ta ɓarar da ƙwallo, aka sha da ƙyar 19 da 10, a wasan ƙarshen zagayen farko kuma Dallas Cowboys ta ci su 6 da nema. Masu caca suka sa Eagles a ƙasan Atlanta Falcons duk da cewa a gidanta za a buga, abin da ba a taɓa yi wa ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ba a wasanta na farko na zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Daga nan ne Johnson da Long suka fara sa fuskar kare ta roba bayan wasa, don mayar da martani ga masu raina su. Abin da ya sauya lamarin ya faru ne a makon hutun da matsayi na ɗaya ya ba su. Koci Doug Pederson da mataimakinsa Frank Reich da John DeFilippo suka koma kan faifan 2013, shekarar da Foles ya jefa ƙwallayen ci 27 aka tare masa biyu kacal, suka tsamo irin dabarun da ya fi sakewa da su, musamman wadda kwatabak ke duban mai tsaro ɗaya ya yanke nan take ko ya miƙa ƙwallo ko ya jefa. Ba su nemi ya zama Wentz ba. Kuma ba haɗari ba ne da suka san yadda ake yi, domin Pederson ya shafe yawancin shekarun wasansa a benci bayan Brett Favre a Green Bay, Reich kuma shi ne ɗan bencin da ya farfaɗo da Buffalo Bills daga 35 da 3 ta doke Houston Oilers a Janairun 1993. Sakamakon ya bayyana ranar 21 ga Janairu, a wasan kusa da na ƙarshe, lokacin da Foles ya ci yadi 352 a kan Vikings, ƙungiyar da ta fi kowa tsaro a kakar, aka tashi 38 da 7.

Abu na ƙarshe a ginin shi ne ƙarfin halin Pederson a dama ta huɗu. Al'adar masu horarwa a lokacin ita ce, in dama uku sun wuce ba a cika yadi goma ba, a buga ƙwallo nesa a sallama, ko a karɓi maki uku a haƙura. Masu nazarin alƙaluma sun daɗe suna nuna cewa wannan tsoro yana jawo asara, Lurie kuma ya ba su kujera a ƙungiyarsa. A zagayen farko na 2017 Eagles ta gwada dama ta huɗu sau 26, ta yi nasara sau 17. Saboda haka abin da duniya ta gani a wasan ƙarshe ɗabi'a ce da aka saba. Saura daƙiƙa 38 a tafi hutun rabin lokaci, Eagles na gaba 15 da 12, yadi ɗaya tsakaninta da ci, dama ta huɗu. Foles ya zo gefen fili ya ba da shawarar wata dabara da suka yi ta atisaye a ɓoye, Pederson ya amince. Aka ba Corey Clement ƙwallo kai tsaye, ya miƙa wa Trey Burton, Burton ya jefa wa Foles da ya sulale gefe ba wanda ya bi shi. Clement da Burton duka babu ƙungiyar da ta zaɓe su lokacin da suka fito daga jami'a, dabarar kuma wani ƙaramin mataimakin koci, Press Taylor, ya tsinto ta daga wani wasan Chicago Bears. Amma shawarar da ta fi wannan nauyi ta zo ne saura minti biyar da ɗoriya a tashi, Patriots na gaba 33 da 32, Eagles na cikin rabin filinta da dama ta huɗu da yadi ɗaya. Da an kasa, kwatabak ɗin Patriots Tom Brady zai karɓi ƙwallo a cikin rabin filin Eagles. Pederson ya ƙi sallamawa, Foles ya sami Zach Ertz, harin ya ci gaba har Ertz ya ci saura minti 2 da daƙiƙa 21. Pederson ɗin nan shi ne kocin da wani tsohon jami'in gasar, Michael Lombardi, ya ce a farkon kakar bai taɓa ganin wanda bai cancanci aikin ba kamarsa.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, sa'a. A wasan Falcons, wanda aka ci 15 da 10, wata ƙwallon da Foles ya jefa ba daidai ba ta bugi gwiwar mai tsaro Keanu Neal ta faɗa hannun Torrey Smith, aka sami maki uku kafin hutu. A ƙarshen wasan kuma kwatabak ɗin Falcons Matt Ryan ya jefa wa Julio Jones ƙwallo daga yadi biyu, ta bi ta tsakanin hannayensa. A wasan ƙarshe kocin Patriots Bill Belichick ya ajiye Malcolm Butler, mai tsaron da ya buga kusan kowane wasa a kakar, bai kuma taɓa ba da cikakken dalili ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma a gasar da ake fitar da ƙungiya da wasa ɗaya, babu zakaran da bai ci moriyar irin wannan ba, har da Patriots ɗin da ta ci kofin 2015 da ƙwallon da Butler ya tare a bakin gida. Kuma a duba yadda Eagles ta sami kanta a inda sa'ar za ta yi amfani: a gidanta ta buga wasannin biyu saboda nasara 13, masu tsaronta kuma sun hana Falcons ko maki ɗaya a rabi na biyu. Wasan Vikings kuwa, da tazarar maki 31, babu mai iya jingina shi ga sa'a.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce, ina zurfin tsaron da ake yabo, tunda Brady ya ci yadi 505 da jifa, Patriots ta tara yadi 613 ba ta buga ƙwallon sallama ko sau ɗaya ba, ƙungiyoyin biyu kuma suka haɗa yadi 1,151, mafi yawa a kowane wasa a tarihin gasar? In ba don Foles ya ci yadi 373 da tacdawun uku ba, ai da an sha kashi. Na yarda cewa a wannan daren Foles ya yi wasan da ba kowane ɗan benci zai iya ba, kuma kyautar gwarzon wasan da aka ba shi halaliyarsa ce. Jifar da ya yi wa Jeffery da wadda ya yi wa Clement a ƙarshen fili, babu tsarin da zai jefa su a madadin mutum. Sai dai wasan ya yanke ne a hannun layin tsaro. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Schwartz ya matsar da Graham daga gefe zuwa ciki, ya ratsa ya buge ƙwallo daga hannun Brady, Barnett, wanda aka samu daga cinikin Bradford, ya faɗa kanta, Elliott ya ƙara maki uku daga yadi 46. Wannan ne karo ɗaya tilo da aka kama kwatabak da ƙwallo a duk wasan, kuma ya zo ne a lokacin da juya 'yan wasa ke biyan bashinsa. Tarihin Foles kansa ma ya goyi bayan wannan fahimta. A 2019 Jacksonville Jaguars ta ba shi dala miliyan 88 na shekara huɗu, ya karye a wasan farko, ya rasa gurbinsa ga wani sabon shiga, bayan kaka ɗaya aka miƙa shi ga Bears, can ma bai daɗe a matsayin na farko ba. Mutumin bai canza ba, abin da ke kewaye da shi ne ya canza.

Hujja ta uku ita ce, in ginin yana da ƙarfi haka, me ya sa ya rushe da wuri? A 2020 Eagles ta ci wasa huɗu kacal, aka sallami Pederson a Janairun 2021, aka sayar da Wentz. Wannan rushewar tana da dalilan da suka dace da bayanina. Reich ya tafi ya zama kocin Indianapolis Colts, DeFilippo ya koma Vikings, tsofaffin da aka ɗauko a gajeruwar yarjejeniya suka tsufa, a 2019 kuma aka ba Wentz ƙarin dala miliyan 128, rahusar da ta ba da damar cike gurabe ta ƙare. Roseman ma ya yi kurakurai a zaɓen sababbin 'yan wasa a waɗannan shekaru. Amma ya koma kan hanyar da ya sani. A 2018 ya ɗauki Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya da bai taɓa buga wasan Amurka ba, ya damƙa shi ga Stoutland har ya zama magajin Peters. A 2020 ya zaɓi Jalen Hurts a zagaye na biyu alhali Wentz na nan, ya sha suka a kan kashe gurbi mai tsada kan ɗan benci, kamar yadda ya sha a kan Foles. Da Hurts ɗin ne, da sabon koci Nick Sirianni, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2023, Kansas City Chiefs ta doke ta 38 da 35.

Mutanen Filadelfiya sun jira tun 1960 kafin su sake zama zakarun gasar, sun sha kashi a Super Bowl a 1981 da 2005, don haka babu mai ganin laifinsu in sun riƙe Foles a zuciya. Amma kofi na biyu ya zo ranar 9 ga Fabrairu, 2025, a New Orleans, inda Eagles ta doke Chiefs 40 da 22, layin gabanta ya kayar da kwatabak ɗin Chiefs Patrick Mahomes sau shida ba tare da an turo ƙarin mutum ko ɗaya daga baya ba. A ranar babu Foles, babu Wentz, babu Pederson. Daga tawagar 2017 'yan wasa huɗu ne kawai suka rage, Graham da Johnson da Elliott da Rick Lovato, tare da Stoutland a gefen fili da Roseman a ofis.